Shinkafar da Na Ajiye wa Inna

Makarfi,
Ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga Mamana Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, cikin rufin asiri. Yaya baƙunta, yaya zafin Sakkwato, yaya karatu? Babanki yana gaishe ki. Yayanki Sani da matarsa Ladidi suna gaishe ki. Allah ya tsare min ke, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum.

Za ki ga rubutun ya yi manya-manya, yana hawa yana gangarawa kamar na 'yan aji ɗaya da na yi shekaru ina yi wa faɗa. Kada ki yi dariya. Kwana uku na yi a kansa, kullum da hantsi a tsakar gida, lokacin da rana take sauka sosai a kan tabarma. Na san akwai waya. Amma ke da an fara magana sai kuka, ni kuma da na ji kukanki sai maganar ta tsere min. Ran Juma'a kin ce min za ki je ofis ki ajiye gurbin karatunki sai baɗi, ki dawo gida ki zauna da ni saboda idanuna. Na ce a'a, kin ce kin riga kin yanke. To ga amsata a rubuce, tare da rabin buhun doguwar shinkafa da direba zai miƙa miki. Ki karanta ta har ƙarshe kafin ki taka ƙofar ofishin nan.

Na san abin da ya tona ni. Tsakuwar nan ce da babanki ya tauna ana gobe za ki tafi. Ya dafe kumatu ya ce ba komai, ke kuwa kika ajiye cokali kika zuba min ido. Kin san tun da kika yi wayo ba a taɓa tauna tsakuwa a shinkafata ba. Zan zo kan wannan. Bari dai in fara da shinkafar, don ita na fi iya bayani, kuma kusan duk wautar da na tafka a rayuwa a gabanta na tafka.

Kwanakin nan idan na zauna shiru sai in riƙa ganin fadamar Dandamisa. Abin mamaki, na fi ganinta tarwai a kan ƙofar ɗakin da ke gabana. Da sassafe raɓa ta kwanta a kan ganye, belbelu suna tsaye a ruwa kamar ba su da wani aiki a duniya, Inna, mahaifiyata da kika ci sunanta, tana gaba da ƙwarya a ka, ni ina baya zanina ya jiƙe har gwiwa. Shinkafar da muka sani a lokacin gajeriya ce, ja-ja, mai danƙo. Ita kuwa tuwo ake yi da ita, ran Sallah ko ran suna. Har na yi aure ban taɓa dafa shinkafa don a ci ta tsaba-tsaba ba. A wurina shinkafa tuwo ce, shi ke nan.

Ranar da na fara girki a gidan nan, babanki ya shigo da doguwar shinkafa a leda, fara sol, siririya, ya ce abokansa malamai za su zo cin girkin amarya. Na ce to. Kunya ta hana ni tambaya, girman kai kuma ya taya ta, wai ni mai takardar malanta zan tambayi yadda ake dafa shinkafa! Na cika tukunya da ruwa, na zuba, da ta yi laushi na ɗauko muciya na hau tuƙi. Ke dai bari, Mamana. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami, ta ƙi haɗuwa. Ita ba tuwo ba, ita ba shinkafa ba, ita ba kunu ba. Na kwashe abin nan a samira na aika zaure, na koma ɗaki na kifa kai a katifa. Kwanon ya dawo kusan yadda ya tafi, an ɗan taɓa gefe don kara.

Iya, kakarki ta wajen uba, ita ta same ni ina kuka. Ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yarinya, me shinkafar nan ta yi miki kika yi mata wannan duka?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari ta zaunar da ni a gindin murhu. Abin da ta koya min shi zan faɗa miki, ko da kin sha gani a hannuna, don gani daban, a bar ki ke kaɗai da tukunya daban.

Ki wanke ta har farin ruwan ya ragu. Wadda na aiko miki ta gida ce, dole ki rege, daga wannan kwano zuwa wancan, a hankali, tsakuwar za ta zauna a ƙasa. Kada ki zuba a ruwan sanyi, ki bari ya tafasa tukuna. Idan ta yi tafasa ɗaya, kin latsa ƙwaya kin ji bayanta ya yi laushi cikinta da saura, ki juye a kwando ki ɗauraye, ki mayar da ita tukunya da ɗan gishiri da ruwan da bai rufe kanta ba. Ki rufe, ki rage wuta can ƙasa, ki tafi ki yi harkarki. Iya cewa ta yi, "Ruwa yana farawa, tiriri yana ƙarasawa, hannunki ba shi da aiki a ciki." Kada ki juya, kada ki yi ta buɗe murfi kina leƙe kamar mai jiran baƙo. Idan kin sauke ki ba ta ɗan lokaci a rufe, sannan ki warware ta da cokali. Kuma ta bana ce, sabuwa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, ki rage hannu. Abin da ba ki sani ba kuwa, a tukunya ne ko a aji, ki buɗe baki ki tambaya. Da na tambayi Iya tun farko, da dariyar minti ɗaya zan sha, ba ta shekara talatin ba, don har gobe abokan babanki in sun zo sai sun ce, "Malama, yau akwai tuwon nan?"

Wautata ta biyu ba ta dariya ba ce. Kina da shekara huɗu, ana tsakiyar bazara, aka yi suna a maƙwabta aka aiko mana da dafa-duka cikin babbar kula. Muka ci da rana, na rufe sauran ruf, na ce ai kula ce, za ta riƙe. Washegari da safe na buɗe, na ji ɗan wari kaɗan, na ga ta fara yauƙi a gefe. Zuciyata ta ce a zubar, hannuna ya ce abinci ne. Na ɗan ɗumama sama-sama na ba ki, kina ci kina kaɗa ƙafa. Kafin azahar kin fara amai, kafin la'asar idanunki sun faɗa. A asibiti na riƙe hannunki ana neman jijiyar ƙarin ruwa, kina kirana a hankali, "Umma, Umma," ni kuwa na san da hannuna na ba ki. Wallahi har yau idan na ji warin kula da ta kwana a rufe sai in tuna asibitin nan.

Don haka ki dafa daidai cikinki. Gwangwani ɗaya ya ishe ki, biyu idan da abokiyar ɗakinki. In ta ragu, kada ki kulle ta da zafinta. Ki baza a faranti ta huce da wuri, ki rufe da abin da iska za ta ratsa, idan kin tashi ci ki turara ta sosai har tiriri ya fito daga tsakiyarta, kuma sau ɗaya. A zafin garin da kike, ba firji, kada ki yarda ta kwana. Wadda ta canja wari ko ta fara yauƙi ki zubar, ko ranki bai so ba. Ke da kike karatun jinya za ki fi ni sanin sunan ciwon, ni a jikinki na karanta shi.

Yanzu ga wadda ban taɓa ba ki labarinta ba, ko babanki rabinta ya sani.

Kafin a haife ki, babanki ya samu aron wata 'yar fadama a wajen Gubuchi, ya shuka doguwar shinkafa a karon farko. Allah ya ba da damina. Da aka kawo shansherar gida na ce ba wanda zai yi min guminta, ni zan yi. Na jiƙa, na turara, na shanya a tsakar gidan nan inda nake zaune yanzu, sannan aka kai inji aka cashe. Mamana, ban sake ganin irinta ba. Dogaye, masu ɗan ruwan zuma, idan kika ɗaga ƙwaya a rana sai ki ga haske ya ratsa ta. Na cika buhu guda na ware, na ce wannan ba ta ci ba ce, ta babbar rana ce.

A cikin satin ne Inna ta zo daga Dandamisa, ta biyo motar kasuwa. Ta samu ina baza ta a tabarma don ta ƙara shan iska. Ta durƙusa ta ɗebo a tafin hannu, tana zubarwa tana sake ɗebowa, kamar yarinya da wasan yashi. Ta ce, "Hajara, ashe haka shinkafa take yin tsawo? Ɗan dafa min ko gwangwani ɗaya da mai da yaji, in ji yadda take a baki."

Na ce, "Haba Inna, wannan shinkafar da mai da yaji? Ki bari sai Sallah, in yanka miki kaza, in yi miki miya ta gani ta faɗa, in kawo miki har ɗaki."

Ta yi murmushi ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta kakkaɓe hannunta a zani. Na tuƙa mata tuwon masara, ta ci, ta yi la'asar, ta koma.

Ba rowa ba ce, Allah ya sani. So nake in girmama ta. Na riga na gama tsara ranar a raina, har kwanon da zan zuba mata na zaɓa, har yadda za ta buɗe murfi tiriri ya bugi fuskarta ta ce kai. Na ɗaure bakin buhun tamau na jingine shi a lungun ɗaki, a ƙasa, jikin bango. Sallar shekarar cikin damina za ta faɗo, da sauran watanni. Ana saura kwana kaɗan a kama azumi aka aiko cewa Inna ta kwanta da zazzaɓi. Kafin in samu mota in isa, an rufe mata fuska.

Na kasa taɓa buhun nan. Sallah ta zo ta wuce, ruwa yana ta zuba, bango yana tsattsafo, ni ina da cikinki, in na shiga ɗakin sai in kau da kai. Sai bayan an yi sunanki, an sa miki Rabi, na ce bari in dafa in yi wa Inna sadaka da ita. Na kwance igiya. Ƙwari baƙaƙe suka yo sama suna bin hannuna. Saman ya zama gari, tsakiya ta dunƙule da saƙar tsutsa, gindin da ya sha danshi ya yi fumfuna kore shar. Na bakace, na tankaɗe, na shanya, abin da na tsira da shi bai kai a sa a gaban mutum ba. Kaji na watsa wa. Na tsaya goye da ke a baya ina kallon kaji suna cin shinkafar da uwata ta roƙe ni gwangwani ɗaya na hana ta.

To ki ji. Da buhun nan ya iso, kada ki bar ta a cikinsa. Ki baza ta ta sha rana wuni guda, ki bari ta huce, sannan ki juye a bokiti mai murfi ko jarka busasshiya wadda ba ta taɓa ɗaukar mai ba. Ki jefa busasshen barkono kaɗan a ciki. Ki ɗora a kan katako ko bulo, kada ta taɓa ƙasa, kada ta jingina da bango. Ki nisanta ta da kananzir da sabulun wanki, don shinkafa tana kwasar wari, kuma in ta kwasa ba ruwan da zai fitar. Kofin awo ya zama busasshe kullum. Ƙwayar maganin ƙwari da 'yan hatsi suke sa wa masara kuwa, ko wa ya ba ki kada ki kusantar da ita ga abin da za ki ci, ko ɗakin da kike kwana. Duk sati biyu ki tura hannu har ƙasa ki ji, ki shinshina. Sannan, Mamana, ki ci. Ki ci ran Litinin, ki ci ran da ba komai, ki ci da mai da yaji. Wadda ta ce miki ɗan sam min, ki zuba mata a ranar.

Kin ce sai baɗi. Ni ma da bakina na ce sai Sallah, kuma da kyakkyawar niyya na faɗa, kamar yadda kika faɗa. Shekara biyu kina zana jarrabawa kafin ki samu gurbin nan. Ki jingine shi a lungu ki dawo, baɗi wani dalilin zai zo, ko jikina, ko na babanki, ko mai neman aure, kuma kowanne zai zo da fuskar gaskiya. Ina tsoron ranar da za ki koma ki kwance igiya ki tarar ba abin ɗauka. Tsoro nake ji sosai, na faɗa miki ƙarara.

Saura wautata ta ƙarshe, wadda ba ta tsufa ba. Shekara biyu ke nan ina ɓoye muku ciwon idon nan. Abin ya fara daga gefe-gefe, kamar an buɗe tukunya tiriri ya taso, sai dai wannan ba ya washewa. Na ce gajiya ce. Na ce hayaƙin murhu ne. Da ya yi yawa na koyi dabaru. Na ƙirga taku daga ɗaki zuwa rijiya. Na koyi regewa da kunne da yatsu, don tsakuwa tana da ƙararta a gindin ƙwarya, kuma ta fi shinkafa sanyi a hannu. Har wani daɗi nake ji, in rufe ido in bar ruwa yana kai da komo, in ji ni a Dandamisa. Rannan da babanki ya tauna tsakuwa, gaskiya ba idon kaɗai ba ne. Ina regewa ina jin ƙarar zif ɗin akwatinki a ɗaki, hankalina ya bar ƙwaryar.

Bayan tafiyarki Sani ya tasa ni gaba sai asibitin ido a Zariya. Likitan ya haska, ya auna, ya ce, "Mama, me ya sa sai yanzu?" Ya ce idon hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama akwai saura, ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma don a riƙe abin da ya rage, zan riƙa komawa ana dubawa. Ya ce da na zo tun farko da an riƙe da yawa. Kin ji gaskiyar duka, ban rage miki komai ba. Idan jikinki ya faɗa miki magana kada ki ce masa sai an kwana biyu, kuma kada ki ɓoye wa masu sonki don wai kina tausayinsu. Ni na ɓoye, ga shi na jawo kina shirin zubar da karatunki.

Yanzu ki faɗa min, in kin dawo me za ki ƙara? Babanki ne yake ɗiga min maganin, rabi a ido rabi a kumatu, yana yi yana mita, amma bai taɓa tsallake lokaci ba. Ladidi tana zuwa kullum ta taya ni aikin wuta. Yarinyar kirki ce, sai dai ta cika buɗe murfi, ina nan ina fama da ita. Tsinta da regewa kuwa na hana kowa, nawa ne. Zamanki a gefena ba zai ƙara min ganin ƙwaya ɗaya ba. Abin da zai yi kawai, in riƙa jin motsinki a tsakar gida ina sanin ni na tsare ki. Makantar zan iya ɗauka, in Allah ya ƙaddara ta. Wannan ne ba zan iya ba.

Kin tuna a tasha, da direba yana ta danna ham, na riƙe fuskarki da hannu biyu na juya ki wajen rana na ƙi saki? Kika ce, "Umma, mutane fa suna kallo, sai ka ce ba za ki sake ganina ba." Na yi dariya na ce kwallinki ne ya zazzago. Ba kwalli ba ne. Ban sani ba ko ranar da za ki dawo da farar rigar aikinki idon zai kai, shi ya sa na tsaya na kalle ki sosai, tun daga goshi har ɗan tabon haɓarki, har na ƙoshi. Na samu abin da nake so, yana nan wurina, ba abin da zai taɓa shi. Kada ki dawo don in gan ki, Mamana, na riga na gan ki. Ki zauna ki gama. Ranar da kika zo da rigar, in ido ya kai alhamdu lillahi, in bai kai ba ki matso in shafa.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya buɗa ƙwaƙwalwarki, ya sanyaya hannunki a kan marasa lafiya, ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya, ya kare ki daga ciwo da mugun ji da mugun gani. Ya jiƙan Inna da Iya, ya sa mu cika da imani. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.